Kwamfuta Mai Ƙaramin RAM: A Koma Tsohuwar Windows Ko A Daure Da Sabuwa?

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta mai RAM giga 2, ya danna burauza, sannan ya zuba tagumi yana kallon ɗan zoben nan yana ta juyawa, ya san inda maganar nan ta dosa. Fitilar faifan ajiya ta kama ta ƙi ɗaukewa, linzami yana tafiya yana cijewa, ka buga kalma sai ka jira kafin ta bayyana. A nan ne masu ba da shawara ke rabuwa gida biyu. Wani ya ce, "Windows 10 ce ta fi ƙarfinta, mayar da ita Windows 7 ka huta." Wani ya ce, "Kul! Tsohuwar Windows ƙofa ce a buɗe ga masu kutse, ka daure da sabuwar."

Kowannensu yana da gaskiya, amma rabinta ya kama. Tsufa daban, rashin nauyi daban. An haɗe su wuri guda ne saboda mun saba ganin kowace sabuwar Windows ta fi wadda ta gada cin RAM, har aka ɗauka ba yadda za a yi kwamfuta ta saki jiki sai an koma baya. Ni kuwa a ganina abin da zai raba gardamar shi ne ka fara tambayar kanka: wannan kwamfutar za ta riƙa hawa intanet, ko ba za ta hau ba? Amsar wannan ita ce ke jan ragamar duk sauran.

Kafin nan, bari mu ga abin da ke faruwa idan RAM ya cika, domin da yawa daga cikin kurakuran da ake tafkawa daga rashin sanin wannan suke fitowa.

Ɗauki RAM a matsayin teburin aikinka, faifan ajiya kuma kabad ne da ke can ƙuryar ɗaki. Duk takardar da kake aiki da ita a kan tebur take. Babbar manhaja, wato Windows ko Linux, ita ce ke fara zama ta baje nata takardun, abin da ya rage shi ne rabonka. Idan tebur ya cika, aiki ba ya tsayawa. Babbar manhajar za ta kwashi wasu takardu ta kai kabad, ta ɗauko waɗanda kake nema, anjima kaɗan ta sake komawa. Wannan wurin ajiya na wucin gadi shi Windows ke kira pagefile, Linux kuma swap. Damuwar ita ce nisan kabad ɗin. RAM yana miƙo abu cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Shi kuwa faifai mai juyawa, irin na yawancin tsofaffin kwamfutocin cinya, wanda ke zagaye 5,400 a minti, sai allurarsa ta motsa ta je ta lalubo wurin, kuma kowane nema yana cin wajen kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Tazarar da ke tsakani ta kai ninki dubu ɗari. Don haka sanyin jikin da kake gani sau da yawa ba gazawar masarrafa ba ce, wato firosesa. Tana nan zaune, faifai take jira.

Hujjar masu komawa baya

Ba daga sama suka tsinci maganarsu ba. Windows XP da ta fito a Oktoban 2001, megabait 64 kacal Microsoft ta ce tana buƙata, ta kuma ba da shawarar 128. Windows 7 ta 2009 ta nemi giga 1 ga mai bit 32, giga 2 ga mai bit 64. A rubuce Windows 10 ta 2015 ma abin da ta nema ke nan, sai dai rubutu daban, zahiri daban. A kwamfutocin da suka ratsa hannuna, 7 da aka ɗora sabuwa fil takan zauna a kan megabait 600 zuwa 800. Ita kuwa 10 mai bit 64 takan haura giga 1 tun ba ka taɓa komai ba, idan ta ga fili kuma ta miƙe ƙafa har kusan giga 2.

Ba RAM kaɗai ba ne. Windows 10 ba ta zama shiru. Tana kunnuwa, Defender, manhajar tsaron da ke zuwa da Windows, zai fara binciken fayiloli, sashen sabuntawa ya fara leƙe-leƙe, mai tsara jerin bincike ya fara nasa, SysMain kuma yana ƙoƙarin ɗauko abin da yake zaton za ka buɗe. Dukansu faifai guda suke rububi. A kan faifai mai juyawa wannan ne ke sa ka ga ma'aunin faifai ya tsaya cak a kashi 100 na tsawon mintuna bayan kunnawa. Windows 7 ba ta da wannan hayaniyar sosai. Ga kuma batun direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta iya sarrafa kayan cikin kwamfuta: kwamfutar da aka ƙera a 2010, don 7 aka rubuta direbobin hotonta da sautinta da maɓallan haskenta, komai ya zauna daram. Wanda ya mayar da irin wannan kwamfuta kan 7 ya ga ta tashi cikin hanzari, ya buɗe Word ya ga ba gardama, dole ya ce lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Sai ya buɗe burauza.

Inda ribar ke zurarewa

A nan ne lissafin ke rushewa, kuma nan ne nake ganin an fi yaudarar mutane. Shafin intanet na yau ba takarda ba ce mai rubutu da hoto kamar na shekara ashirin da suka wuce. Gmail, Facebook, YouTube, WhatsApp na burauza, kowanne cikakkiyar manhaja ce da ake sauko maka da ita ta yi aiki a cikin kwamfutarka, kuma shafi guda yana iya lamushe ɗaruruwan megabait. Su kansu burauzocin sun ƙara ƙiba da gangan. Bayan da aka bankaɗo raunin nan na masarrafai mai suna Spectre a farkon 2018, Chrome ta fara killace kowane gidan yanar gizo a ɗakinsa daban don kada wani ya leƙa sirrin wani, kuma Google da kanta ta ce hakan na ƙara cin RAM da kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari.

To ka duba. Ka koma 7 ka ceto megabait 500. Shafi biyu ko uku sun shanye su. YouTube bai san shekarun Windows ɗinka ba, nauyin da yake ɗora wa sabuwar kwamfuta shi zai ɗora wa taka. Ribar gaskiya ce, amma ƙarama ce, kuma ga abin da ka bayar kafin ka same ta.

Na farko, burauzar kanta. Chrome da Edge sun tsaya a fitowa ta 109 ga masu Windows 7 da 8.1, tun Janairun 2023. Firefox ta tsaya a 115, Mozilla ta yi ta ƙara mata wa'adi kaɗan-kaɗan da gyaran tsaro kawai, ba sabon abu. Masu XP kuwa tun 2016 Chrome ta bar su a fitowa ta 49, Firefox ta bi sahu a 2018. Burauzar da ta daskare wuri guda ba rana ɗaya take mutuwa ba. Yau maɓalli ya ƙi dannuwa a wani shafi, gobe bidiyo ya ƙi tashi, jibi shafin banki ya ce sam bai san ta ba. Akwai kuma takardun shaidar tsaro da shafuka ke nunawa kafin a yarda da su. A 2020 manyan burauzoci suka yi watsi da tsofaffin hanyoyin ɓoye bayanai na TLS 1.0 da 1.1, shafuka da dama ma suka rufe su. Ranar 30 ga Satumban 2021 wata tsohuwar takardar shaida ta tushe da Let's Encrypt, cibiyar da ke ba shafuka irin waɗannan takardu, ke jingina da ita ta ƙare, nan take tsofaffin na'urorin da ba a sabunta ba suka fara ganin gargaɗin "wannan haɗi ba amintacce ba ne" a shafuka masu ɗimbin yawa. Mai XP a yau rabin intanet a rufe take gare shi.

Na biyu shi ne wanda ya fi tayar min da hankali. Microsoft ta daina ba XP gyaran tsaro ranar 8 ga Afrilun 2014, ta daina ba 7 ranar 14 ga Janairun 2020, 8.1 kuma ranar 10 ga Janairun 2023. Wasu na ɗauka ma'anar wannan ita ce Windows ɗin za ta ci gaba da zama yadda take, ba ci gaba ba ci baya. Ba haka abin yake ba. Sabuwar Windows a kan harsashin tsohuwa aka gina ta, sassa da yawa iri ɗaya ne. Duk wata idan aka fitar da faci ga sabuwa, masu kutse sukan zauna su yi nazarin facin don su gane wace ɓaraka aka toshe, sannan su waiwayi tsohuwa inda ɓarakar ke nan a buɗe, kuma ba mai zuwa ya toshe ta. Kenan duk wata da ya wuce, tsohuwar ƙara lalacewa take yi ko da ba ka taɓa ta ba.

Wanda ke son misali ya tuna WannaCry. Ranar 12 ga Mayun 2017 wannan cuta ta bazu a ƙasashe kusan 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman fansa, har ta durƙusar da ayyuka a asibitocin Ingila da dama. Ba ta buƙatar ka danna komai, ta hanyar sashen raba fayiloli na Windows take tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Microsoft ta riga ta fitar da maganin tun watan Maris, wata biyu kafin nan, kuma mafi yawan waɗanda abin ya shafa masu Windows 7 ne da ba su ɗora facin ba. A lokacin akwai magani, sakaci ne ya ci su. Mai 7 na yau ko ya so ɗorawa babu abin ɗorawa. Kada kuma a ce manhajar kashe bairos za ta cike gurbin. Mai gadi ne a bakin ƙofa alhali katanga ta zube ta baya, sannan shi ma mai gadin nasa kason RAM ɗin zai ci, daga cikin ɗan abin da ka ceto.

Sabuwar Windows fa?

A yi mata adalci. Tun ƙarshen 2015 Windows 10 ta koyi wata dabara da 7 ba ta da ita: idan RAM ya fara cika, maimakon ta ruga faifai, sai ta matse bayanan da ba a taɓa kwanan nan ba ta bar su cikin RAM a dunƙule. Warware dunƙulen ya fi zuwa faifai sauri nesa ba kusa ba. Shi ya sa a kan giga 4, musamman idan akwai SSD, wato ma'adana mai sauri da ba ta juyawa, 10 takan riƙe shafuka da yawa fiye da yadda ake zato.

Amma ita ma 10 yanzu ta shiga sahun tsofaffi. Tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, sai wani shiri na ƙarin gyaran tsaro da aka buɗe wa masu amfani na gida na shekara guda. Mai zaɓen 10 ya san cewa rumfa ce ta ɗan lokaci.

Windows 11 ta Oktoban 2021 kuwa tun daga bakin ƙofa take tankaɗe. Tana neman RAM giga 4, ma'adana giga 64, guntun tsaro na TPM 2.0, da masarrafa mai bit 64 wadda, in ban da 'yan kaɗan, sai daga zubi na takwas na Intel ko Ryzen 2000 na AMD zuwa sama. Giga 4 ɗin nan ma iyakar abin da zai ba ta damar tashi ne, ba abin da za ka ji daɗin aiki da shi ba. Akwai dabarun tsallake wannan shinge, mutane na yi, amma Microsoft ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfuta sabuntawa ba. Kuma daga fitowar 24H2 ta 2024 abin ya wuce dabara: tana buƙatar wasu umarnai da masarrafai irin su Core 2 Duo ba su da su, ko an tilasta ba za ta tashi ba.

Sai waɗannan Windows ɗin da ake cewa an "rage musu nauyi", da wasu ke yankewa su watsa a intanet. Ina roƙon mai karatu ya nisance su. Hanyar da ake bi a rage nauyin sau da yawa ita ce cire Defender da kashe sabuntawa, wato ainihin abin da ya sa ka zaɓi sabuwa. Sannan ba ka san wanda ya haɗa ta ba, ba ka san me ya cusa a ciki ba, kuma a kanta za ka buga kalmar sirrin imel ɗinka da ta bankinka. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Sabuwa kuma mara nauyi

Abin da gardamar "7 ko 10" ke ɓoyewa shi ne akwai hanya ta uku, kuma ga kwamfuta mai giga 2 ko ƙasa da haka da za ta hau intanet, ita nake ba da shawara kai tsaye.

Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ta raba injin da rigar. Injin shi ne ke magana da kayan cikin kwamfuta, rigar kuma ita ce fuskar da kake gani, da tagoginta da maɓallanta. Kana iya ɗaukar injin bana, mai duk gyaran tsaro na wannan watan, ka sa masa riga shara-shara. A Windows ba ka da wannan zaɓi, yadda aka ɗinka haka za ka sa.

Ba kowace Linux ce mara nauyi ba, a kula. Ubuntu ta asali da rigarta ta GNOME giga 4 ko fiye take nema, wanda ya ɗora ta a kan giga 2 bai tsira daga komai ba. Rigunan da ake nufi su ne Xfce da LXQt. Linux Mint mai Xfce ita ce ta fi kama da abin da mai Windows 7 ya saba, da maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa, masu yin ta sun ce giga 2 ne mafi ƙaranci, giga 4 don sakewa. Lubuntu, da ta koma LXQt tun 2018, ta ɗan fi ta sauƙi. MX Linux da Debian mai Xfce suna nan kusa. Idan aka gangara ƙasa sosai akwai antiX, wadda ba ta da cikakkiyar riga ma, sai ɗan mai kula da tagogi irin IceWM, takan tashi a kan abin da bai kai megabait 300 ba. Akwai kuma Puppy Linux da Barry Kauler ya fara a 2003, wadda ke iya aiki daga filashi ba tare da an ɗora ta ba. A kan kowacce daga cikinsu burauzar da za ka samu ta yau ce, mai karɓar gyara. Dabarar matse RAM ɗin nan ma akwai ta a Linux da sunan zram, ta shiga injin a hukumance tun 2014, kuma a kan giga 2 kunna ta na kawo sauyin da hannu ke ji.

Ba zan ɓoye abin da za ka rasa ba. Microsoft Office da Photoshop da CorelDRAW ba su da na Linux. LibreOffice tana buɗe fayilolin Word da Excel, ta wadatar ga wasiƙa da rahoto da lissafi na yau da kullum, amma takarda mai tsari mai sarƙaƙiya takan ɗan goce, kuma wanda sana'arsa ta dogara ga wata manhaja takamaimai ya tsaya ya yi tunani sosai. Wasu katunan waya-fai, musamman na Broadcom, sai ka jona kebul ka sauko da direbansu kafin su farka. Wasu ƙananan kwamfutoci masu guntun hoto na GMA 500 ba su taɓa samun direba mai gamsarwa ba. Kuma makon farko za ka yi ta laluben inda abubuwa suke. Wannan makon ne ke korar mutane da yawa, alhali da sun daure, na biyu ya fi sauƙi.

Tarkon da ke Windows yana nan a Linux ma. Za ka ji ana cewa ka nemi Lubuntu 18.04 don ta fi sauƙi. Wa'adinta ya ƙare tun 2021. Tsohuwar Linux da aka daina gyarawa ba ta fi tsohuwar Windows tsaro da wani abin kirki ba. ChromeOS Flex da Google ta fitar a 2022 don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci ita ma zaɓi ce ga wanda duk aikinsa a burauza yake, sai dai giga 4 da bit 64 take nema, don haka ba ta masu giga 2 ba ce.

Batun bit 32 da bit 64 yana rikita mutane, ga shi a taƙaice. Mai bit 32 ta fi tattalin RAM kaɗan, amma a Windows ba ta iya amfani da abin da ya wuce giga 4, uku da 'yan kai ma za ka gani. Kuma duniya na tattara kayanta daga wajen. Windows 11 ba ta da mai bit 32 sam. Ubuntu ta daina fitar da faifan ɗorawa na bit 32 tun 2017, Chrome ta bar Linux mai bit 32 tun 2016, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ita ma ta ajiye shi. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ga Windows ɗinsa mai bit 32 ce, sai ya ɗauka masarrafarsa ma haka take. Core 2 Duo da ta fito tun 2006 bit 64 ce, haka duk dangin Core i3 da i5 da i7. Waɗanda suka maƙale da gaske su ne irin Atom N270 na ƙananan kwamfutocin nan na wajen 2008, da mafi yawan Pentium 4 na farko. Su antiX ko Debian 12 ce mafakarsu. In ban da su, kowa, ko da giga 2 gare shi, ya ɗauki mai bit 64.

To wacce ga wa?

Mai giga 1 ko ƙasa da haka, gaskiya ɗaya ce: babu babbar manhajar da za ta sa intanet ta yau ta yi masa daɗi. antiX za ta ba shi rubutu, karatun littattafai, sauraron sauti, da shafi guda a lokaci guda. Ya karɓi wannan, ko ya ware kwamfutar ga aikin da ba na intanet ba.

Giga 2 shi ne fagen da ake fafatawa. Windows 10 a nan azaba ce, 7 tana gudu amma a buɗe take, 11 ba ta ma shigo zancen ba. Lubuntu ko Mint mai Xfce ko MX, da zram a kunne, da shafuka uku zuwa huɗu, nan ne ake samun sauri da tsaro a lokaci guda. Mai giga 4 kuwa yana da sarari. Idan kwamfutarsa ta cika sharuɗɗan 11 kuma aikinsa sai da Windows, ya ɗora ta, ya kashe manhajojin da ke tashi tare da ita, ya kuma sa ran ƙara RAM. Idan ba ta cika ba, Mint za ta yi masa tafiya salin-alin.

Akwai abu biyu da suka fi duk wannan zaɓe tasiri, kuma ban ga amfanin a yi ta jayayya kan manhaja ba a ambace su ba. Sauya faifai mai juyawa da SSD yana matso da kabad ɗin nan kusa da tebur, abin da ke cin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa ya koma kusan kashi ɗaya bisa dubu goma. Duk kwamfutar da ke da mahaɗin SATA za ta karɓa, kuma na sha ganin kwamfutar da aka yanke wa ƙauna ta dawo hayyacinta da wannan kaɗai. Sai ƙarin RAM. Yawancin kwamfutocin cinya na zamanin RAM nau'in DDR2 da DDR3 suna da gurbi biyu a ƙarƙashin wani ɗan murfi, a duba iyakar abin da samfurin ke ɗauka kafin a nema. Waɗanda aka liƙe RAM ɗinsu a jikin allo, irin masu ma'adanar eMMC giga 32, su ne ba su da wannan mafita, kuma su ne suka fi kowa buƙatar Linux mara nauyi, tunda Windows kaɗai ta kusa cinye ma'adanar. A cikin burauza kuma, uBlock Origin a kan Firefox yana tare tallace-tallace da manhajojin bibiya da ke cin kaso mai tsoka na RAM a shafuka da yawa, sauke bidiyo zuwa 480p kuma yana sauƙaƙa wa tsohuwar masarrafa.

Tsohuwar Windows tana da wurinta, ban kore ta gaba ɗaya ba. Akwai kwamfutar da ke sarrafa wata na'ura, firinta ce ko sikana ko injin awo ko na zane, wadda direbanta bai wuce XP ko 7 ba, kuma mai ƙera ta ya daɗe da daina kula ta. Akwai mai wata manhaja da ya ƙware a kanta shekara da shekaru, ba ta aiki a ko'ina sai a nan. Irin wannan ya bar ta a kan tsohuwar, hankalinsa kwance, bisa sharaɗin ya zare kebul, ya kashe waya-fai daga tushe, kada ya bar wa kansa kafar "bari in ɗan leƙa imel". Ya kuma sa ido kan filashi, domin cutar Conficker da ta ɓulla a 2008 har ta filashi take yaɗuwa, kuma ire-irenta ba su ƙare ba. Wanda ke buƙatar duka biyun yana iya raba faifansa gida biyu: 7 ba intanet don waccan manhaja, Linux don hawa yanar gizo, ya zaɓi wadda yake so lokacin kunnawa.

Kafin ka goge komai, kwashe fayilolinka zuwa wani faifai na waje, ka buɗe wasu daga ciki ka tabbatar sun kwafu lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ka zuba Linux ɗin da ka zaɓa a filashi mai giga 8, ka tayar da kwamfutar daga kanta ba tare da ka ɗora ba. Za ta fi yadda za ta kasance bayan ɗorawa sanyin jiki, tunda daga filashi take karatu, amma za ta nuna maka abin da kake son sani. Jona waya-fai, kunna sauti, gwada firintarka, buɗe takardar Word mafi rikitarwa da kake da ita, sannan ka buɗe shafukan da kake buɗewa kullum, duka a lokaci guda, kana kallon ma'aunin RAM. Idan waya-fai ya ƙi, gwada wata Linux ɗin kafin ka yanke hukunci, domin direban da wata ta rasa sau da yawa wata ta zo da shi.